Guraben diraf da Bucks ta zubar: kwalliya ta biya kuɗin sabulu kuwa?

Telan Tudun Wada

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga waɗanda suka fi ni sanin harkar cinikin 'yan wasa a NBA, don abin ya tsaya mini a rai tun farkon watan nan na Yulin 2025 da labari ya fito cewa ƙungiyar ƙwallon kwando ta Milwaukee Bucks ta sallami Damian Lillard. Ba sayar da shi aka yi ba fa, sallama ce kawai, kuma za a ci gaba da biyansa wajen dala miliyan 113 da suka rage a kwantiraginsa, an rarraba su a kan shekara biyar. Wato duk kakar wasa sama da miliyan 22 za su riƙa fita daga lissafin albashinmu zuwa aljihun mutumin da ba zai ƙara sa mana riga ba. Duk wannan don a samu sararin ɗauko Myles Turner daga Indiana.

Ni ɗan Bucks ne tun tauraronmu Giannis Antetokounmpo bai yi ƙwanji ba, saboda haka na ga duk cinikin nan da idona. A watan Nuwamban 2020 muka yi ciniki da New Orleans, muka ba da Eric Bledsoe da George Hill da guraben zagayen farko na diraf (zaɓen sababbin 'yan wasa da ƙungiyoyi ke yi bi da bi duk shekara) har uku, muka ƙara musu da 'yancin musanya gurbi da mu a shekara biyu, duk a kan Jrue Holiday. A lokacin kowa cewa yake an yi mana wayo. Mutumin da sau ɗaya tal ya taɓa shiga wasan taurari, a ce an biya wannan uban kuɗi?

To amma ni na san inda nake a wasa na biyar na jerin wasannin ƙarshe na cin kofi da Phoenix a 2021. Daren Asabar ne wayewar Lahadi, saura kwana biyu Babbar Sallah, ina shago ɗinkin mutane ya yi mini tsibi, janareton maƙwabcina ke ba mu wuta, wayata na jingine a jikin kan keke na tokare ta da ƙullin zare. Saura ƙasa da daƙiƙa 20 a tashi, muna gaba da maki ɗaya, ƙwallo na hannun Devin Booker. Ya kutsa ciki, aka tare shi, yana juyowa Holiday ya sa hannu biyu ya fizge ta. Kowa ya ɗauka zai riƙe ne ya ci lokaci, sai ya ruga ya cilla wa Giannis ita sama, shi kuma ya dankara ta a kwando. Ihun da na yi sai da yaron shagona da ke barci a kan tarin yadi ya zabura yana salati. A daren Sallah kuma Giannis ya zuba maki 50 muka ɗaga kofi, karo na farko tun 1971. Duk wanda ya ce mini Holiday ya yi tsada, wannan fizgar nake tuna masa.

Sai ga Satumbar 2023. Aka ɗauki Holiday ɗin nan da Grayson Allen, aka haɗa da gurbin 2029 da 'yancin musanya a 2028 da 2030, aka kawo Lillard daga Portland. Portland ba ta ko bari Holiday ya kwance jaka ba ta miƙa shi Boston, ya je ya ci musu kofin 2024. Mu kuwa shekara biyu a jere Indiana na fitar da mu tun matakin farko na fitar da gwani, a na biyun ma jijiyar agarar Lillard ta tsinke. Ban ma yi maganar guraben zagaye na biyu guda biyar da aka watsar a kan Jae Crowder ba, cinikin da ya tafi mana da Jordan Nwora ɗan D'Tigers, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Najeriya.

Yanzu daga nan har 2030 babu shekara ɗaya da gurbinmu yake hannunmu ɗari bisa ɗari. Ko dai an ba da shi, ko wani na da ikon musanyawa ya bar mana na baya. Tambayata ke nan: ciniki biyu, siffarsu kusan ɗaya, ɗaya ya kawo kofi ɗaya ya bar mu da bashi. Sa'a ce kawai, ko akwai ma'aunin da ake auna gurbi da ɗan wasa tun kafin a buga hannu? Sannan wanda ya rage mana na 2031, a sake jefa shi kasuwa a nemo wa Giannis mataimaki, ko a kama shi da hannu biyu?

Tsohon Koci

Wa alaikumus salam. Ɗana Tela, akwai sa'a a ciki, ba wanda ya san agarar mutum za ta tsinke. Amma cinikin nan biyu ba siffarsu ɗaya ba. Kai adadi kake ƙirgawa, uku da biyu, ɗaya da biyu. Masu sana'ar abin da suke fara tambaya shi ne, gurbin na wa ne, kuma na wace shekara ce?

Tsarin ai ka san shi: ƙungiyar da ta fi shan kashi ita ke zaɓe da wuri, wadda ta yi ƙarfi ta jira can baya. To lokacin da kuka sayi Holiday, Giannis yana shekara 25 zuwa 26, ya ci gwarzon ɗan wasa sau biyu a jere. Duk mai hankali ya san guraben Bucks na shekarun da ke tafe can wajen ashirin da wani abu za su faɗo. Haka kuwa aka yi. Na 2020 na 24 ne. Musanyar 2024 da aka yi ta tsorata ku da ita, New Orleans ta ɗauki na 21 ta bar muku na 23, taki biyu kacal. Na 2025 ya faɗo na 19. Waɗannan ba su ne ke rusa ƙungiya ba.

Yanzu dubi na Lillard. 2028, 2029, 2030. Giannis zai kasance yana 33, 34, 35, in ma yana nan. Mutumin da wasansa gaba ɗaya gudu ne da ƙarfi da karo. Portland ba gurbin Bucks ta yau ta saya ba, ta sayi na Bucks ɗin da ƙarfinta ya ƙare. Gurbi ɗaya na irin wannan lokacin ya fi uku na lokacin da kuke tashe.

Mu da iyayenmu suka yi noma mun san bashin kaka. Ka karɓi kuɗi da damina, ka yi alkawarin buhu kaza in an yi girbi. In shekara ta yi kyau, masara ta yi araha, ka biya ba ka ji ba. In ruwa ya ɗauke, gonarka ba ta ba da komai ba, a shekarar ne buhu ya fi tsada, kuma a shekarar ne dole ka nemo shi ka kai. Gurbin da ka ci bashinsa haka yake: ranar da ka fi talaucewa, ranar ya fi daraja, kuma ba naka ba ne.

Brooklyn ce ta koya wa duniya wannan. A 2013 suka karɓi Kevin Garnett yana 37 da Paul Pierce yana 35 daga Boston, suka ba da na 2014 da 2016 da 2018 babu wani sharaɗi, da musanyar 2017. Suna ganin ai su manya ne, gurabensu na baya ne. Kaka ɗaya Pierce ya yi ya tafi, Garnett bai cika biyu ba. Ƙungiya ta zube, wasa 21 suka ci a 2016, 20 a 2017. Boston tana zaune ta ɗauki Jaylen Brown da na 3 a 2016. A 2017 musanya ta ba ta na ɗaya dungurungum, ta sayar wa Philadelphia ta koma na 3 ta ɗauki Jayson Tatum, har da ƙarin gurbi a sama. Kofin 2024 da kake jin haushin Holiday ya ci, tushensa wannan cinikin ne na shekara 11 baya.

Kuma tunda a Kaduna muke, bari in kawo na gida. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, a nan ya fara taɓa ƙwallon kwando, kuma a ganina ba wanda ya kai shi iya wannan lissafin. Yana Denver a 2011 Carmelo Anthony ya dage sai New York. Masai ya karɓi 'yan wasa, amma ya cusa wani ɗan sharaɗi da ba wanda ya damu da shi a lokacin: 'yancin musanya gurbi da Knicks a 2016, shekara biyar gaba. Da lokacin ya zo Knicks ta lalace, Denver ta ɗauki na 7, Jamal Murray, wanda da shi da Nikola Jokić suka ci kofin 2023. Da ya koma Toronto a 2013 ya sake komawa wa Knicks ɗin, ya ba su Andrea Bargnani ya karɓi gurbinsu na wannan 2016 ɗin dai. Bayan Denver ta zaɓi nata, ragowar ta faɗo na 9, ya ɗauki Jakob Poeltl. Shekara biyu bayan nan ya haɗa Poeltl da DeMar DeRozan ya karɓo Kawhi Leonard da Danny Green daga San Antonio. Gurbi nawa ya saka a ciki? Ɗaya, na shekara mai zuwa, shi ma da sharaɗi. Ya faɗo na 29, su kuma suka ɗaga kofin 2019. In zai karɓa, na nesa yake karɓa daga hannun mai gaggawa. In zai bayar, na kusa yake bayarwa wanda ya san inda zai sauka.

Abu ɗaya kuma da ba a cika faɗa ba. Lokacin da Murray ya zo Denver, Masai ya shekara uku da barin can. Manajan da ya sayar da gurbin shekara bakwai gaba ya san da wuya ya kai lokacin a kujerarsa. Shi ya sa hannunsu ke da saurin bayarwa. Ku magoya baya ku ne za ku zauna da abin.

'Yar Malali

Sannu Malam Tela. Baba Koci, Allah ya ƙara lafiya, na yarda da kusan duk abin da ka faɗa, sai dai wuri ɗaya. Ka yi kamar gurbi na ashirin da wani abu ba komai ba ne. A da can wataƙila. A dokar albashin da aka shigo da ita a 2023, ba haka ba ne.

Ni aikina lissafi ne, don haka ta nan nake kallon abin. Duk wanda aka ɗauka a zagayen farko, albashinsa a rubuce yake tun kafin a kira sunansa, gwargwadon lambar da aka ɗauke shi. Shekara huɗu ne, biyu tabbas, biyun ƙarshe ƙungiya ke da zaɓi. Bayan nan ma in wata ƙungiya ta taya shi, taku na da ikon biyan daidai abin da aka taya ta riƙe abinta. Wato in ka dace, ka samu ma'aikaci mai arha na shekara huɗu da kuma riƙon wuyansa na wasu shekarun.

Ga misali daga ƙungiyata. Jalen Williams na Oklahoma, na 12 aka ɗauke shi a 2022. A kakar 2024-25 albashinsa bai kai dala miliyan 5 ba, amma ya zuba wa Indiana maki 40 a wasa na biyar na ƙarshe. In a kasuwa za ka sayi mai irin wannan aikin, sai ka ninka kuɗin nan sau bakwai ko takwas. Rarar da ta rage ita ta ba su damar biyan Isaiah Hartenstein da riƙe Alex Caruso.

Yanzu ɗora wannan a kan Bucks. Iyakar albashi, wato abin da NBA ta ƙayyade ƙungiya ta kashe wa 'yan wasanta, dala miliyan 154.6 ce a kakar 2025-26. Giannis zai ɗauki wajen 54. Turner wajen 25. Lillard da ba ya nan, 22 da rabi. Sunaye uku sun cinye sama da miliyan 100, ɗaya ma ba zai taka fili ba. Sauran mutum goma sha biyu fa? Gaskiya ne ana iya wuce iyakar don riƙe naka, amma akwai haraji, kuma akwai shinge biyu a sama. Wanda ya haye na biyun, wajen miliyan 208 a kakar 2025-26, ba zai iya haɗa albashin mutum biyu ya sayi ɗaya ba, ba zai saka tsabar kuɗi a ciniki ba, kuma a daskarar masa da gurbin shekara bakwai gaba. Wannan shingen ne ya sa Boston, shekara ɗaya bayan kofi, ta rabu da Holiday da Porziņģis a bazarar 2025. Ƙungiya irin taku ba ta da hanyar samun matashi mai kyau da arha sai diraf, kuma ita aka toshe. Ba Tatum kuka rasa da kuka ba da na 19 ba, amma kun rasa mutum na shida ko na bakwai mai ƙafar gudu, kuma duk wanda ya kalli yadda Indiana ta gajiyar da ku ya san nan ne ciwon.

Sai dai kada a ce na zo tallar diraf. Mutane na ba da labarin Oklahoma a karkace. Ana cewa guraben da suka tara ne suka ci musu kofin 2025. A cinikin Paul George na 2019 sun karɓi biyar da musanya biyu daga Clippers, gaskiya ne. Amma abin da ya fi komai a cikin kayan nan Shai Gilgeous-Alexander ne, yaron da ya riga ya buga kaka guda a NBA, an gan shi da ido. Cikin guraben kuwa, zuwa 2025 Jalen Williams ne kaɗai ya zama tauraro. Haka Indiana, ba diraf ne ya ba su Tyrese Haliburton ba, daga Sacramento suka karɓo shi a 2022 yana shekara 21. In aka ba ni zaɓi tsakanin gurbi biyu da ba a san inda za su faɗa ba da yaro ɗan 21 da na ga wasansa na kaka ɗaya, yaron zan ɗauka.

Don ko na saman ma ba tabbas. A tsarin da aka fara a 2019, ƙungiyoyi uku na ƙarshe kashi 14 cikin ɗari kowacce ke da shi na samun na ɗaya a ƙuri'a. Utah ta ci wasa 17 kacal a kakar 2024-25, ta fi kowa lalacewa, ta ƙare da na 5. Detroit sau biyu a jere haka ta same ta, 2023 da 2024. Dallas da ke da kashi 1.8 ita ta tafi da Cooper Flagg. In ma ka samu na ɗayan, Clippers ta ɗauki Michael Olowokandi haifaffen Legas da shi a 1998, ta bar Dirk Nowitzki ya kai na 9, Pierce na 10.

Na Kawo

Kai jama'a, duk wannan dogon turanci a kan takarda? Gurbi fa takarda ce, ba ta jefa ƙwallo. Mu Lakers a 2019 mun kwashi Lonzo Ball da Brandon Ingram da Josh Hart da gurabe uku mun ba New Orleans, muka karɓi Anthony Davis, shekara na zagayowa kofi. Da Davis ɗin ya fara tsufa muka kai shi Dallas da Max Christie da gurbi ɗaya tal na 2029 muka dawo da Luka Dončić. Wa ya tuna wa New Orleans ta ɗauka?

Tela, abokina, ban so in faɗa ba amma tunda ba wanda ya faɗa: Boston ta mai da Holiday Portland. Lillard ma da kuka sallama ya koma Portland. Wato a Yulin 2025 ɗin nan Holiday na can, Lillard na can, gurabenku na can, kuma ku ne ke biyan Lillard mafi yawan abin da yake ci. Allah ya ba ku haƙuri.

Telan Tudun Wada

Na Kawo, amin, na gode da ta'aziyya. Amma kada ka haɗa mu da ku. Ku garinku 'yan wasa ke roƙo a kai su. Davis da bakinsa ya nemi tafiya, LeBron da ƙafarsa ya zo. Milwaukee gari ne ƙarami mai sanyin tsiya, ba tauraron da ke tashi ya ce can zai je. Kareem Abdul-Jabbar ma da ya ci mana kofin 1971 cewa ya yi a sake shi, a 1975 aka kai muku shi. In ku kun zubar da diraf kuna da wata ƙofar. Mu ba mu da ita. Batun Luka kuma kada ka sa shi a lissafi, wannan tsintuwa ce, mutanen Dallas sun daɗe suna zagin manajan da ya yi cinikin.

Baba Koci, na fahimci batun shekaru, kuma ya zauna mini. Amma akwai abin da ban ga ka saka a sikeli ba. An kawo Holiday a Nuwamban 2020, a Disamba Giannis ya sa hannu a kwantiragin shekara biyar. An kawo Lillard a Satumbar 2023, a Oktoba ya sake sa hannu, bayan ya shafe bazara yana faɗa a fili cewa sai ya ga da gaske ake. To ashe ba Lillard kaɗai aka saya da guraben nan ba, har da sa hannun Giannis. In ni ne manaja, ga mutumin da aka tsinta a na 15 a 2013, irin wanda gari kamar namu ke samu sau ɗaya a shekara hamsin, yana nuna mini ƙofa, wallahi ban san ko zan tsaya lissafin 2029 ba.

Anti 'Yar Malali, lissafinki ya yi, sai dai kin ɗauka kowa ya iya zaɓe kamar Sam Presti, manajanku na Oklahoma. Mu fa mun samu na 2 a 2014 muka ɗauki Jabari Parker, gwiwa ta hana shi. Jokić na zaune har na 41 a wannan shekarar. Na 10 a 2016, Thon Maker. Na 24 a 2022, MarJon Beauchamp, ya tafi ba wanda ya lura. Wanda muka ɗauka da na 23 ɗin nan na 2024 ko kaka ɗaya bai cika ba aka haɗa shi da Middleton aka kai Washington. Shi kansa Khris Middleton ba mu muka zaɓe shi ba, Detroit ce ta ba mu shi gyara a cinikin Brandon Jennings. Gurbi a hannun Oklahoma da gurbi a hannunmu ba kuɗinsu ɗaya ba.

To ga wata tambayar, tunda yara a shago kullum ita suke mini. In abin ya ƙi, me zai hana a sayar da Giannis ɗin tun yana da tsada, a karɓi gurabe shida ko bakwai a sake gini?

Tsohon Koci

Batun sa hannu ka yi gaskiya, kuma shi ya sa ban kira manajanku wawa ba. An matsa masa ne. Amma ka lura, sa hannun 2020 ya sayo muku shekarun ganiyarsa. Na 2023 ya sayo shekarun gangara, a farashin da ya fi na farko ciwo.

Sayar da shi kuwa, yaran shagonka ba su duba abu biyu ba. Na ɗaya, duk ƙungiyar da ta karɓi Giannis ta zama babba a ranar, gurabenta sun koma na 25 zuwa 30. Ka ba da zinariya ka karɓi tarin na baya. Sai dai in mai sayen na riƙe da na wasu, kamar yadda San Antonio ke riƙe da na Atlanta na 2027, Houston kuma na Phoenix. Na biyu, kuma shi ne babba, amfanin rushe ƙungiya shi ne ka sha kashi shekara biyu ko uku ka zaɓa da wuri. Ku in kun sha kashi, wa zai zaɓa? New Orleans da Atlanta da Portland. Ku sha dukan, su karɓi ladan.

Shi ya sa gurbin da ya fi kowane tsada a wurin ƙungiya shi ne nata na kanta. Brooklyn ta gane haka a 2024: ranar da ta sayar da Mikal Bridges ta juya ta biya Houston da guraben Phoenix don kawai a dawo mata da nata na 2025 da 2026. Indiana ma ana tsakiyar wasannin ƙarshe a Yunin 2025 ta ba New Orleans na 23 na 2025 ta karɓo nata na 2026. Ba a yi mako ba agarar Haliburton ta tsinke a wasa na bakwai. A lissafin lokacin, in kakarsu ta lalace, aƙalla ladan nasu ne. New Orleans kuwa ta ɗauki na 23 ɗin ta haɗa da na 2026 babu sharaɗi, wanda ya fi kyau tsakanin nata da naku, ta ba Atlanta don ta matsa zuwa na 13 ta ɗauki Derik Queen. Taki goma. Ni dai da na ji sai da na cire tabarau na sake karantawa.

Saboda haka duk cinikin Giannis da bai bi ta Portland ya dawo muku da 2028 zuwa 2030 ba, ni ban kira shi gini ba.

Telan Tudun Wada

To ni ga inda na tsaya. Da na sake duba cinikin biyu, abin da ya fi ci mini rai ba gurabe ba ne. A na farko mun ba da Bledsoe, wanda duk lokacin fitar da gwani hannunsa ke rawa, muka karɓi wanda ya toshe ramin da muke da shi. A na biyu mun cire wanda ke tsare mana ƙofa muka kawo mai jefawa, alhali Brook Lopez da Middleton sun riga sun fara nauyin ƙafa. Kowa ya ga yadda ƙananan 'yan wasan Indiana ke wucewa ta gabanmu ba mai ce musu kanzil. Ashe Holiday shi ne ainihin kuɗin da aka biya, guraben ƙari ne a kai.

Na 2031 kuwa, ra'ayina kada a taɓa shi a kan duk wanda ya haura 30, komai sunansa. In za a fitar da shi, a kan ɗan 25 ko 26 ne wanda zai iya tsaron baya, wanda ko Giannis ya tafi shi yana nan da darajarsa.

'Yar Malali

Malam Tela, sharaɗinka ya yi kyau, matsalar ita ce kasuwa. Irin wanda kake kwatantawa shi kowa ke nema. New York ta biya gurabe biyar a kan Bridges a 2024. Orlando ta biya huɗu da musanya a kan Desmond Bane a Yunin 2025, kuma cikinsu ba wanda ya taɓa shiga wasan taurari. Ku ɗaya gare ku. Dokar da aka sa wa sunan Ted Stepien, tsohon mai Cleveland, ta hana ƙungiya zama babu gurbin zagayen farko shekara biyu a jere nan gaba, kuma ba a sayar da abin da ya wuce shekara bakwai. Wato a lissafin 2025, ko 2031 ko 2032, ba duka biyun ba.

In kuma dole sai an fitar, a sa masa sharaɗi. Philadelphia na bin wannan hanyar ta tsira a 2025: gurbinta na Oklahoma ne, amma an rubuta cewa in ya faɗo cikin shida na farko ya zauna a gida. Ya faɗo na 3, suka ɗauki VJ Edgecombe, mu muka tashi hannu rabbana sai wata shekarar. Sai dai duk sharaɗin da ka ƙara, mai saye zai rage abin da zai ba ka. Gurbi ɗaya mai sharaɗi da albashin Kyle Kuzma a sama, ni ban ga wanda zai ba ku ɗan 26 mai tsaron baya a kansu ba. In akwai sunan da kake hange, kawo shi in duba ko albashin ma zai daidaita.